Alkunyar ɗan fari ta kusa sa in rasa shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na fi wata uku ina fara rubuta labarin nan ina gogewa, yau dai na ce ko me za a yi sai na ƙarasa, don jiya maƙwabciyata ta shigo aron turmi take ba ni labarin ɗanta ɗan shekara 14 wai ya fara ɗingishi amma koci ya ce ba komai girma ne, wallahi sai na ji gabana ya yanke ya faɗi kaman labarin gidana ake ba ni.

Ni malamar firamare ce a cikin garin Bauchi, Asabar da Lahadi kuma ina suyar masa a cikin gida ana shigowa saye. 'Ya'ya biyar Allah ya ba ni, labarin babban ne zan bayar. Ba zan faɗi sunan shi ba, kuma ba wai don ɓoyo kaɗai ba, ni dama tun ranar suna a 2008 sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina ya ci, kun ga kunya biyu ke nan. Yayansu nake cewa, in ina neman shi sai in aiki ƙanwar shi, in kuma yana kusa in ce kai. Shi ma Adda yake ce min, saboda a wajen Hajiyarmu aka yaye shi ya zauna can har ya shekara bakwai, ya ji ƙannena suna faɗin haka ya ɗauka. Haka muka tashi muka ga iyayenmu, uwa ba ta hira da ɗan fari, ba ta yabon shi, ba ta tsayawa ta ƙare mishi kallo. A dangi har misali ake da ni, wance kam akwai kara. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuskar ce ba na kallo.

Babansu shagon yadi gare shi a kasuwar Wunti, amma in yana zancen ƙwallo sai ka rantse a filin wasa aka binne cibiyar shi. Har gobe yana ba da labarin 1998 da Wikki Tourists ta ɗauki kofin ƙalubale, da 1999 da aka kawo gasar matasa ta duniya Najeriya aka buga wasu wasannin a nan filin Abubakar Tafawa Balewa, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009 wadda muka je har wasan ƙarshe Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema. Lokacin yaron ko tafiya bai gama iyawa ba amma an sayo mishi 'yar koriyar jesi da ta kai mishi har idon sawu. To yaron da ya tashi a haka me kuke tsammani. Daga bal ɗin tsumma a lungu sai ga shi wani koci a unguwa ya gan shi yana ɗan shekara 12 ya saka shi a akadami ɗin shi, lamba bakwai yake bugawa, gudu kaman barewa, har yaran layi suka daina kiran sunan shi sai Ahmed Musa.

Da farko ni ban so ba, ina ta cewa a bar yaro ya yi karatu. Amma ba zan wanke kaina ba. Ranar da suka ci wata gasar unguwanni ya zo da naira dubu biyar da katan ɗin taliya ya ajiye a ƙofar ɗakina ya wuce bai ce komai ba, ni ma ban ce komai ba, amma ranar ina kwance ina ta murmushi ni kaɗai. Matan da ke zuwa sayen masa suka fara, ai Malama ɗanki ne zai kai ki Makka, ai kin gama shan wahala. A baki in ce ku dai bari, a zuci kuwa na riga na zaɓi unguwar da za a gina min gida.

Ga yadda ranar shi take tun yana aji uku na ƙaramar sakandare. Ana idar da sallar asuba ya ɗaura takalmi ya fita gudu, ya dawo ya watsa ruwa ya wuce makaranta sau tari ko karyawa bai yi ba, a tashi ƙarfe biyu, ƙarfe huɗu yana fili har a kira magariba, Islamiyya kam tuni ta sha ruwa, bayan isha'i in ana wasan Turai su tafi gidan kallo shi da babansu sai sha ɗaya, ya dawo ya kwanta yana danna waya yana kallon yadda manyan 'yan wasa suke tirenin har ɗaya saura. Da na zauna na lissafa daga baya, awa biyar yake barci wata ran ma huɗu. Sai a asibiti na ji cewa yaro mai shekarun shi awa 8 zuwa 10 jikin shi yake buƙata, kuma a cikin barcin ne tsokar da ta wahala take gyaruwa. Ni ko a lokacin taƙama nake ɗana ba malalaci ba ne.

Gwiwa ce ta fara. Ƙanwar shi ce ma ta lura, ta ce Umma yaya fa in zai yi sujada sai ya karkace kuma ba ya iya zaman tahiya. Ƙasan ƙoƙon gwiwar dama ya yi wani tudu kaman an cusa goro a ciki, ko taɓawa ba ya so a yi. Koci ya ce ciwon girma ne, namiji ba ya raki, kuma wanda ya zauna a benci wani ne zai ɗauke lambar shi. Hajiya ta sa aka kai shi wajen mai ɗori, ya ja ƙafar nan yaro yana cizon riga, ya ce targaɗe ne ya ba da man shafawa. Bayan kaman sati biyu sai ɗingishin ya ragu muka ce alhamdulillahi mai ɗori ya iya aiki. Ashe ba man ba ne, diklofenak yake saye a kemis yana afawa kafin ya fita gudun asuba, cikin shi wayam ba ko kunu.

Sai kuma abinci. Ya daina cin tuwo wai yana sa nauyi, ya daina cin masa wai mai ya yi yawa, ku ji fa, ɗan Bauchi a gidan mai masa. Sai dafaffen ƙwai da lemon kwalbar nan da suke cewa yana ƙara ƙarfi. Bayan an cire tallafin mai a 2023 kun san yadda komai ya koma, amma kullum sai na ɓoye mishi ƙwai biyu a cikin kwano ƙannen shi suna kallo suna haɗiyar yawu. Na ga wandon makarantar shi yana zamewa har sai ya ninke ƙugun, na sa tela ya rage, ban tambayi dalili ba.

A ƙarshen 2023 ne wani mutum ya zo wai daga Legas, ejan ne na 'yan wasa, da ƙatuwar waya cike da hotunan shi da Turawa a manyan filaye. Aka yi sikirinin kwana biyu ya zaɓi yara huɗu har da namu. Ya ce akwai kulob a Turai da ke jira, a kawo naira dubu 850 na fasfo da biza da tikiti, sannan dole a rage mishi shekaru ya koma 14, a yi sabuwar takardar haihuwa. Babansu ya sayar da mashin ɗin shi ya taɓa jarin shago, ni na kwashi adashina na haɗa da sarƙa da ɗankunnen gwal na lefena da na yi shekara 16 ina ajiya. Ina daga kicin na ji ana koya wa yaron sabuwar shekarar haihuwa wai 2009, ya ce Abba ai wannan ƙarya ce, babansu ya ce kai rufe min baki kowa haka yake yi, shekarun bal daban na gida daban. Yaron da ko canjin naira ashirin ba ya ɓoyewa. Na ji, na ci gaba da tuƙin tuwona.

Watan Janairu wayar mutumin ta daina shiga. Sai bayan ta faru muka gaya wa ƙanina da ke aiki a Abuja, ya yi ta salati, ya ce Adda da kun tambaye ni ai dokar FIFA ta hana kulob ɗin wata ƙasa ya sayi yaron da bai kai 18 ba in ba da wasu 'yan dalilai ba, kaman a ce iyayen sun koma can da zama saboda aikin kansu, to mutumin da ya ce ku mai da shi 14 ai ƙara nisanta shi ya yi da tafiyar. Kuma ya ce tun gasar nan ta 2009 da babansu yake taƙama ya kalla ake saka wuyan hannun yara a na'ura a ga ko ƙashin ya gama haɗewa, takarda ba ta ruɗin na'ura. Ihu bayan hari dai.

Babansu bai dake shi ba bai zage shi ba, da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Shiru ya yi mishi. Sau ɗaya ne da yaron ya ɓarar da wata ƙwallo a wasa suka dawo na ji ya ce, ka dai san abin da aka kashe a kanka. Daga nan yaro ya ninka tirenin. Ya daina dariya, ya daina ɗaukar auta a wuya yana zagaya tsakar gida da ita, abu kaɗan ya hau faɗa har ya taɓa marin ƙanwar shi a kan cajar waya, sakamakon makaranta ya zube. Wani dare wajen ƙarfe biyu na tashi na ɗaga labule sai na gan shi zaune a kan turmi a tsakar gida cikin sanyin hunturu ba riga, ya haɗa kai da gwiwa. Na tsaya na kusa minti biyar ina kallon bayan shi. Sai na saki labulen na koma na kwanta, na ce tashen balaga ne, kuma ma in na fita me zan ce mishi, da wane suna zan kira shi. Wannan komawar da na yi ita ce har yau take cina in na tuna.

Azumin 2024 an ɗauka ranar 11 ga Maris, duk wanda ke Bauchi ya san irin zafin da aka yi, ko a inuwa kake zaune sai ka ji kaman an buɗe maka murhu. Gaskiya koci ya rage musu aiki ya mai da shi dab da shan ruwa, amma an ce za a sake wani sikirinin bayan Sallah, sai yaron ya riƙa fita shi kaɗai da tsakar rana sanye da rigar sanyi wai don ya yi gumi ya ƙara sauƙin jiki, sannan da yamma ya je ya yi na kowa. Ranar 19 ga azumi, Juma'a ce, ina suyar ƙosai wajen biyar da rabi sai ga yara sun faɗo gidan ba sallama, Mama Mama ku zo ya faɗi yana ta fizge-fizge. Ban san sanda na fita ba, hijabin ma a bai-bai na saka. A cikin Keke Napep kan shi yana cinyata, rabon da jikina ya taɓa nashi tun yaye, babansu a gaba ba abin da yake maimaitawa sai innalillahi, Okwaraji, innalillahi. Daga baya ya ce min ɗan wasan Najeriya ne da ya faɗi ya mutu a fili a Legas a 1989 ana wasa da Angola, kuma ya tuna wani na Nasarawa United da shi ma ya faɗi a Lafiya a 2020 bai tashi ba.

A asibiti da aka ɗebi fitsarin shi na ga abin da ban taɓa gani ba, baƙi-baƙi kaman shayin da aka bar ganyen ya jiƙu ba madara. Likitar mace ce, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ta ce in aka matsa wa tsoka fiye da ƙima, ga zafi ga ba ruwa a jiki, sai ta fara farfashewa, abin da ke cikinta ya bi jini ya je ya toshe ƙoda, shi ne ya rina fitsarin. Ta ce maganin ciwon jikin da yake sha kullum shi ma yana wahalar da ƙoda musamman in ba ruwa, ga shi yana cin ciki in an sha shi ba abinci. Aka yi gwajin jini aka ce jinotayif ɗin shi AS ne, mu lokacin aurenmu ba wanda ya damu da wannan gwajin. Na tsorata na ce sikila ne? Ta ce a'a, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan haka yake kuma yawanci lafiya lau suke rayuwa, sai dai irin wannan azabtar da jiki cikin rana ba ruwa ya fi musu haɗari. Gwajin zuciya kam ya fito lafiya, a nan babansu ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Kwana shida muka yi ana ta ɗura mishi ledojin ruwa ana auna fitsari har ya washe.

Gwiwar ma an ɗauki hoto. Sunan ciwon Osgood-Schlatter, sai da na sa aka rubuta min a takarda. Wai jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana manne ne a saman ƙashin ƙwauri, a daidai wurin da bai gama ƙwari ba a jikin yaro mai tasowa, to yawan gudu da tsalle da harbin bal sai ta yi ta fizgar wurin har ya kumbura. Ashe koci bai yi ƙarya duka ba, da girma a ciki, kuma yana wucewa in yaro ya gama tsawo. Amma maganin shi hutu ne da ƙanƙara da miƙe jijiya a hankali, ba ja ba, ba kuma a danne zafin da ƙwaya a koma fili ba.

Rana ta uku likitar ta ce mu ba ta wuri za ta yi magana da shi shi kaɗai. Sun fi rabin awa. Da ta fito sai ta ce Mama ke kaɗai nake son gani tukuna. Ta ce ya yarda ta gaya min abu biyu. Na farko tun Janairu diklofenak ya daina mishi aiki, wani babba a cikin 'yan tim ɗin su ya fara ba shi tiramol, irin mai 225 ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye, da azumi kuma da sahur yake haɗiya, kuma shi ma yana iya jawo fizge-fizgen da ya yi. Na biyu, da ta tambaye shi ko ya taɓa jin rayuwa ta ishe shi, ya ce mata dare da yawa yana fatan ya kwanta kar ya farka kowa ya huta. Na ji kunnuwana sun toshe. Ta ce Mama yaushe rabon da ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da ke damun shi? Na sunkuyar da kai na ce likita ɗan fari ne fa. Ta ɗan yi shiru ta ce na sani Mama, ni ma 'yar fari ce.

Ta rubuta mana takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa, a nan aka yi ta. Babansu ya ce shi ɗan shi ba mahaukaci ba ne, in aka gan mu a wannan sashen gobe duk kasuwa ta ɗauka. Hajiya ta ce baki ne kawai, yaro ya yi suna an sa mishi ido, ta aiko da rubutu da ruwan tofi. Ni ban ƙi addu'a ba, na ba shi ya sha, ni ma na tashi dare na kai kukana. Amma tunda aka yi aurenmu ban taɓa tsayawa a kan magana ta ba sai ranar, na ce Malam ko da kai ko ba kai zan kai shi, in ya so ka yi duk abin da za ka yi. Ya kalle ni kaman bai san ni ba. Ranar farko ni kaɗai na raka shi, a Napep ba wanda ya ce uffan. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kaman hawan jini kuma ana warkewa, ya ce tiramol ɗin ba a yanke shi rana ɗaya a gida don jiki ya saba, su za su tsara yadda za a janye, za a sha fama da rashin barci da gumi da ƙunci na ɗan lokaci. Ya ce in kwashe duk wani magani da ke gidan in kulle, kar a bar shi yana kwana shi kaɗai, kuma mu riƙa dawowa duk sati biyu. Ƙanina ya ƙara min da cewa ai tun farkon 2024 hukumar da ke hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa, ko da Turan ya je korowa za a yi.

Garin kwashe magungunan ne na shiga ɗakin shi, ɗakin da sai dai in tura yara su share. A cikin takalmin bal na samu ƙwayoyin, an cusa a safa. A ƙasan katifa kuma littafin lissafin shi, bangon baya ya ja layi da rula tsaf kaman mai shago. Mashin ɗin Abba da kuɗin shi. Ɗankunnen Adda. Sarƙar Adda. Adashin Adda. Kuɗin mai ɗori. Takalmi biyu. Har ƙwai biyun nan da nake ɓoye mishi ya lissafa kwana nawa sau nawa ya rubuta. Ya haɗa jimla ya ja layi biyu, a ƙasa ya rubuta, in ban je ba da me zan biya. Na zauna a bakin katifar nan ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Ni ina ganin gata nake mishi, ashe bashi yake ƙirgawa.

A asibiti na gwada kiran sunan shi yana barci, wallahi harshena ƙi ya yi, shekara 16 ba wasa ba. Na gwada zama a gaban shi in ce me ke damun ka, ni na kasa shi ma ya rikice ya tashi ya fita. Sai dabara ta zo min. Na sallami 'yan matan daga aikin masar asuba na ce daga yau yayansu ne zai riƙa min fifita wuta yana miƙo ƙullu. Kun ga in ana suya kowa tanda yake kallo, ba mai kallon wani. Sati biyu ba abin da ake ji sai cuwwar mai. A na uku ina juya masa na ce, kaman da tandar nake, ɗankunnen nan dama nauyi yake min yana ja min kunne, kuma ba wanda ya ce in sayar, kwaɗayina ne ya kai ni, ni da babanku mu muka ba ɗan damfara kuɗi ba wani ba, ba wanda ake bi bashi a gidan nan. Fifitar ta tsaya. Can sai na ji ya ce, murya na rawa, Adda to in na bar bal me zan zama a gidan nan, Abba ba ya min magana sai ta bal, ke kuma ba kya min magana. Ban da amsa. Masa ta ƙone a rami shida muna zaune muna kallonta, shi yana kuka ni ina kuka, mai saye na ta sallama a zaure.

Daren na miƙa wa babansu littafin ban ce komai ba. Washegari bai buɗe shago ba. Zuwa na gaba wajen likita shi ya riga mu shiryawa, ko da yake hula ya ja har gira kar a gane shi. Ba zan ce ya canja gaba ɗaya ba, har yanzu wani lokacin bakin shi yana suɓucewa ya ce ka ji ɗan gidan wane an ɗauke shi a Kano, sai in yi gyaran murya ya haɗiye sauran. Amma yanzu yana jan shi shago ran Asabar da rana yana koya mishi awon yadi da yadda ake gane shadda mai kyau, na ji su ranan suna musu a kan wani kwastoma suna dariya, ba bal a ciki ko kaɗan.

Wata huɗu ya yi bai taɓa ƙwallo ba, ana ta koya mishi miƙe cinya a asibiti, ƙanƙara kuma sai mun bi gidajen masu firiji in an kawo wuta. Ni da a son raina ne da shi ke nan an rabu, amma likitan ya ce kar a raba shi da abin da yake so, a dai sa mishi iyaka. Yanzu sau uku a sati yake zuwa, ba gudun asuba sai ya karya, da gorar ruwa a jaka, ƙarfe goma waya tana ɗakina. Azumin 2025 sai bayan asham yake ɗan taɓawa. Na koya wa ƙanin shi da suke ɗaki ɗaya ya riƙa lura, shi ma kan shi ya san in fitsari ya yi duhu to ruwa ya yi ƙaranci. Ba wai komai ya zama daidai ba ne. Sau ɗaya ya koma ya sha ƙwayar bayan an cire shi daga wani wasa, amma shi da bakin shi ya faɗa min a gaban tanda, muka koma wajen likita. Akwai ranakun da zai tashi shiru fuska a ɗaure, bambancin kawai yanzu ina ganin fuskar. Tudun gwiwar yana nan, an ce wataƙila ba zai baje ba. Ya rubuta WAEC, lissafi ne ma ya fi ci, ban yi mamaki ba.

Sunan kam har yau ban kira ba, kuma ban jin zan iya. Goggonnina sun sa ni gaba da tsiya wai boko ya ɓata wance, hira take da ɗan fari har da dariya, na ce ku yi ta faɗa. Asabar ɗin da ta wuce suna da wasa, ya tashi ya ce gwiwar tana ɗan mishi magana, ya ɗau waya da kan shi ya kira koci ya ce yau ba zai buga ba. Babansu yana bakin ƙofa da takalmi a hannu, ya buɗe baki ya rufe, ya ajiye takalmin. Yaron ya ja kujera ya ci masa bakwai da miyar taushe.

Maƙwabciyar tawa na ce mata ta kai yaron asibiti a ɗauki hoton gwiwar kafin a kai shi wajen mai ja, ta ce sai maigidan ya dawo daga Gombe ran Laraba. Na ce to, kafin Larabar ki shiga ɗakin shi da kanki ki duba cikin takalmin bal da ƙasan katifa. Ta ce ai ita ba ta shiga ɗakin, ɗan fari ne. Gobe in na taso daga makaranta zan biya mu shiga tare.